Ƙarin giya a keke ba ɗaura faifai kaɗai ba ne

Maganar da na gaji da ji a Maradi ita ce wai keke mai giya ɗaya, da ka kwance faifan haƙoran baya ka ɗaura mai hawa biyar ko shida, shi ke nan ya zama mai giya. Masu faɗin haka suna da hujja: zaren ɗaurin iri ɗaya ne, faifan yana shiga lafiya lau.

Sai dai shiga daban, aiki daban. Faɗin bayan keke mai giya ɗaya, wato tazarar da ƙafar baya ke shiga, yawanci milimita 110 zuwa 120 ne, mai hawa shida kuwa 126 yake nema. Ɗauki keken ɗan makaranta: an ɗaura faifan, an mayar da ƙafa, sai ƙaramin haƙori ya manne da ƙarfen jiki, sarƙa ba ta da wurin wucewa. Dole a sa doguwar sandar tsakiya, a cusa zobba a ɓangaren dama. Hakan kuma yana tura ƙafa hagu, sai an ɗaure wayoyin ƙafar na dama, an sassauta na hagu, rabin juyi rabin juyi, har taya ta dawo tsakiya. Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa.

Sarƙar ma sai an sake siririya, tsohuwar kauri gare ta, tana cijewa tsakanin haƙora. Ga kuma abin ɗaga sarƙa da wayarsa.

In bayan keken ya yi wa sabuwar sandar ƙunci, sai an buɗa shi. Jikin baƙin ƙarfe yana jure buɗawa kaɗan, na alminiyom tsagewa yake. In birkin na taka feda baya ne, a sayi wata ƙafar kawai.