Riƙon ƙwarya ma haƙƙi ne a gidan waya

Abin da wasu shugabannin ofis ke yi wa ƙananan masu raba wasiƙu a nan Amurka ya ishe mu haka! Mutum ya nemi riƙon ƙwaryar wata unguwa, an ba shi, ya haddace lunguna, ya san gidan da ke da kare da akwatin da makullinsa ke gardama, sai kawai wata safiya oga ya ce masa yau can wata unguwa za ka. Don me? Don shi ogan bai tsara jadawalinsa ba, sai ya huce a kan na ƙasa.

Kuma fa ba alfarma ake yi wa kowa ba. A rubuce yake a sashe na 41 na yarjejeniyar da NALC, ƙungiyar masu raba wasiƙu ta ƙasa, ta yi da hukumar gidan waya: idan ma'aikacin da ke raba wasiƙun wata unguwa dindindin zai yi kwana 5 ko fiye ba ya nan, hutu ne ko jinya, wanda ba shi da tasa unguwar yana iya neman ya riƙe ta, a bai wa wanda ya fi daɗewa cikin masu nema. Da zarar ya samu, tasa ce har mai ita ya dawo, da lokacin fara aikinta da ranakun hutunta. Babban uzurin ɗaga shi shi ne a cika wa ma'aikacin dindindin awa 8 ɗinsa idan babu wani aikin da za a ba shi. Ina "yau muna da ƙarancin ma'aikata" ya shigo a nan?

Waɗanda aka fi zalunta su ne 'yan wucin gadin da ake kira CCA, rukunin da aka ƙirƙira a 2013. Kwana 360 ake ɗaukarsu, a sallame su kwana 5, a sake ɗauka. Riƙon ƙwaryar nan ne kaɗai ke sa su san yaushe za su tashi, yaushe za su ɗauko yara daga makaranta, wace rana za su ga likita. Shi ne za a ƙwace da baki kawai, ko takarda babu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsoro. Bayan kwana 60 da ɗauka ɗan CCA yana da damar neman riƙo, amma sai ya cika kwana 90 na aiki ko 120 na kalanda kafin ya fita daga gwaji. A tsakanin nan wa zai buɗe baki? Baƙo ne, wataƙila ma Turancin bai zauna ba, ga kuɗin haya, ga 'yan gida suna jiran aike. Oga ya san haka sarai, shi ya sa yake yi.

A watan Maris na 1970 masu raba wasiƙun New York suka ajiye jaka, har Shugaba Nixon ya turo sojoji su yi aikin wasiƙu. Da wannan yajin aikin aka samu 'yancin zama a yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki. Doka ta hana mu yajin aiki, ƙara ta hannun ƙungiya kaɗai ta rage mana, ita ma sashe na 15 na yarjejeniyar kwana 14 ya ba ka, ka wuce ta mutu. To 'yan'uwa, ranar da aka cire ku daga unguwarku, ku rubuta kwanan wata da sunan wanda ya ba da umarnin, ku yi aikin da aka sa ku, ku nemi wakilin ƙungiya tun kafin ku tashi. Ku kuma wakilai, ku daina ce wa yaro ya yi haƙuri. Ku shigar masa da ƙarar!