Haimulios ba hikima ba ce, romon baka ne

Wallahi tun jiya abin nan ke cin raina. Wani mutum ne ya saka a intanet, wai kalmar Girkanci haimulios na nufin mai hikima, har ya manna ta ƙasan hotonsa jama'a na ta zuba masa sambarka. To malam, kanka ka zaga, kuma da yaren da ba ka ji.

Haimulios daɗin baki ne. Romon baka. Irin maganar da za a lasa maka zuma a baki hannu na cikin aljihunka. Ku duba inda su Girkawan suka yi amfani da ita mana. Homer, tsohon mawaƙinsu, tun a farkon waƙar Odyssey, da ita ya siffanta kalaman allahiya Kalipso, wadda ta riƙe jarumin waƙar, Odysseus, shekara 7 a tsibirinta tana lallaɓa shi da tattausan zance don ya manta da garinsu Ithaka, bawan Allah kullum yana zaune bakin teku yana share hawaye ita kuwa zuba take. Wannan ce hikimar taka?

Mawaƙinsu Hesiod ma haka. Da aka ƙera Pandora, mace ta farko a tatsuniyarsu, Hermes ne ya cusa mata ƙarya da wannan zaƙin baki da halin ɓera, duka a baiti guda. Hermes fa, ubangidan ɓarayi da 'yan kasuwa a tatsuniyoyinsu.

Wani ya ce min ai wayo ma hikima ne. Na ji, Allah ya ƙara basira. Suna da kalmar dabara daban, metis, kuma a labarin Hesiod ita Metis ɗin mace ce, matar Zeus sarkin allolinsu ta fari, da wannan romon bakan Zeus ya rarrashe ta ya haɗiye ta da cikinta. Tsakani da Allah wurin nan ya taɓa ni, don na san masu hankali da aka cinye da baki kawai.

Af, tunda na taɓo Pandora, ku daina cewa akwatin Pandora. Tulu ne, ƙaton tulun ƙasa da suke adana hatsi da mai, pithos. Erasmus, wani masani ɗan ƙasar Holland, shi ne ya mayar da shi akwati a ƙarni na 16, kowa ya bi.