"Ba Shiga" Har Da Wayarka

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, da wuya ka wuce zaure uku ba ka ga an rubuta "Ba shiga" da gawayi ba. Ko yaro ya san ma'anarta. To don me idan asibiti suka liƙa takarda cewa an hana ɗaukar hoto, sai mu yi kunnen uwar shegu?

Da daminar nan ɗan maƙwabcinmu ya faɗi a babur ranar kasuwa. Aka kai shi asibiti jina-jina, tufafi a yage. Malamar asibiti ta ce kada wanda ya ɗauka. Wani saurayi ya ɓoye waya a hannun riga ya ɗauka, ya manna nasa sunan a jikin hoton, ya saki a WhatsApp wai a taya da addu'a. Mahaifiyar yaron tana surfe a tsakar gida, a wayar ƙanwarsa ta ga ɗanta kafin ɗan aike ya iso. Sai da aka yayyafa mata ruwa.

Abin da ya fi ci min rai, washegari saurayin nan yana ta faɗa wai an sace masa hoto, an yanke sunansa. Na'am, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba mai ɗaukar hoto haƙƙi a kan aikinsa, kuma goge sunan mutum daga abinsa ba daidai ba ne. Amma ɗana, al'aurar da ke cikin hoton, wa ya mallaka maka ita?

A Suratun Nur, aya ta 27, Allah Ya hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai da izini da sallama. A hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, sai Manzo ya ce don ido aka sanya neman izini. Wancan ya leƙa ne shi kaɗai. Kai ka leƙa, ka adana, ka kira gari su leƙa.

Ke ma 'yar uwa mai turawa gaba, kada ki ce ai ba ni na ɗauka ba. Ɓarawo ba ya cin kasuwa sai da mai saye. Ɗakin haihuwa, wajen wankan gawa, ɗakin amarya, inda duk aka ce a ajiye waya amana aka ba mu. In yana wayarki, goge shi yau, ki je ki nemi yafiyar masu shi.

Yaron ya warke, alhamdulillahi, har ya koma gona. Makon jiya wani ya sake turo masa hoton, yana tambaya ko ya san wannan bawan Allah.