Gullisuwa Naira 62 Da Kwabo 50

Ofishin Hedimasta, bayan la'asar, wuta kuwa tun asuba NEPA suka yi gaba da abinsu. Iskar farkon daminar bara ta yaye kwanon aji uku shi ne 'yan PTA suka ce a yi kasuwar alawa ran Asabar a tara kuɗin gyara. Ga ƙatuwar roba cike da gullisuwa a tsakiyar tebur.

HEDIMASTA: To jama'a abu ɗaya ya rage mu tashi, nawa za a sa wa gullisuwar nan? Iya ke ce gwana, kin fi shekara ashirin a bakin get ɗin nan.

IYA MAI ALAWA: Ɗaya hamsin, biyu ɗari. A shafa fatiha.

MALAM LISSAFI: A'a a'a ranka ya daɗe, ba a yin haka. (ya zaro kalkuleta daga aljihun gaba, wadda aka ɗaure bayanta da kyauro) Madara da sukari da mai da gawayi da kuɗin Keke zuwa Kasuwar Barci da dawowa, dubu 12. Riba kashi 25 cikin ɗari, dubu 3. Ya kama dubu 15. Gullisuwa na ƙirga da hannuna guda 240. Kowace ɗaya ta tashi naira 62 da kwabo 50.

MA'AJI: Da me?

MALAM LISSAFI: Da kwabo 50.

IYA: Ɗan nan, ina za ka samo kwabo a garin Kaduna? Rabona da kwabo tun ina amarya.

MALAM LISSAFI: Iya ai ba a soke shi ba. A 2007 Babban Banki ya fito da sulalla, na kwabo 50 da na naira ɗaya da na naira biyu, kuma har gobe kuɗi ne a doka. Ga ma ɗaya nan.

Wallahi sai ga mutumin nan ya buɗe walat ya fito da kwabo 50 a naɗe cikin takarda kamar laya. Baba Maigadi da ya leƙo kawo makulli ya karɓa ya jujjuya, ya ce shi ya ɗauka maɓallin kwat ne, ya miƙa masa abinsa, a hanyar dawo da hannu ya biya ta cikin roba.

MA'AJI: To Malam yaro ya kawo ɗari, canjinsa fa?

MALAM LISSAFI: Naira 37 da kwabo 50.

MA'AJI: Mu da murtala ma ta zama sai an yi bincike. A yi yadda masu shago ke mana mana, in babu canji a haɗa ka da alawa.

MALAM LISSAFI: Madalla, wannan magana ce ta ilimi. (ƙit ƙit ƙit) Canjin ya kama uku bisa biyar na gullisuwa ɗaya. Sai a samo reza da rula, a raba ta gida biyar daidai, a ba yaro uku.

HEDIMASTA: Sauran biyun fa?

BABA MAIGADI: Ni zan riƙa adana su ranka ya daɗe.

HAJIYA SHUGABA: Ni fa duk wannan ƙauyancin ne ban gane ba. Wai gullisuwa. Na ce ku bari in kawo kofkek irin wanda nake wa matan manya a Unguwar Rimi, ɗaya dubu ɗaya da ɗari biyar, da kirim da ɗan kwalinsa da ribon, ko guda hamsin aka sayar an wuce wajen.

IYA: Hajiya 'ya'yan Tudun Wada ne fa. Kuɗin taran yaro naira ɗari ne, shi ma ran da uban ya tashi da fara'a.

HAJIYA: Sai su yi taransifa.

MA'AJI: Ɗan aji biyu?

HAJIYA: To a kira mai POS ya zauna a bakin get.

MA'AJI: Ya cire cajin ɗari a kan alawar sittin da biyu.

MALAM LISSAFI: Da kwabo 50.

(Wanda ya sha layin POS a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ya sayi naira da naira, ya san me ya sa ofishin ya yi tsit na ɗan lokaci. Hedimasta har da ajiyar zuciya, ya kai uku baki don ya huce.)

HEDIMASTA: Kai amma madarar nan ta ji. Hajiya ɗanɗana ki ji.

HAJIYA: Ni likita ya hana ni zaƙi. Miƙo dai in ga irin suyar.

Ta ga irin suyar sau shida.

MALAM LISSAFI: Dakata! Kowa ya janye hannunsa. Lissafi ya canza.

Ya juye robar a faranti ya shiga ƙirga ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, wai don kada su manne.

MALAM LISSAFI: Saura 225. Farashi ya koma naira 66 da kwabo 67, in an yi kusantarwa.

IYA: Yau na ga ikon Allah, alawa na zaune a faranti tana tsada kamar fetur.

MALAM LISSAFI: Haka tattalin arziki yake Iya, kaya ya ragu kuɗi ya hau.

IYA: Bari in gaya maka abin da ba ya cikin na'urarka. Ba a ƙara wa alawar yara kuɗi, jiki ake rage mata. Sukari ya tashi, ka ƙanƙanta ta. Madara ta tashi, ka ƙara ƙanƙanta ta. Tuwon madarar da nake yankawa kamar akwatin ashana da, yanzu bai fi layin waya ba, kuma hamsin ɗinsa yana nan. Iloka haka, kantun riɗi haka, hanjin ligidi ma ya rame. Yaro ba ya auna girma, shi dai a karɓi takarda ɗaya a ba shi abu ɗaya.

MALAM LISSAFI: Wannan ai algus ne.

IYA: Algus ɗin ne ya aurar min da 'ya'ya huɗu. Kai kalkuletarka ko tayar babur ta canza maka?

Nan fa Malam ya miƙe, ya ce shi shekararsa 19 yana koyar da lissafi, ya yi NCE ya yi digiri a Zariya, babu ɗalibin da ya taɓa zubar da ɗigon desimal a ajinsa ya kwana lafiya, kuma ba zai fara yau ba saboda gullisuwa. Ya ja allon sanarwa ya goge jadawalin jarrabawa kaf, ya zana x ya zana y. Ana cikin haka malaman Islamiyya na yamma suka shigo gaida Hedimasta su uku, aka ce bismillah, kuma ka san ba a mayar da bismillah.

MALAM LISSAFI: Saura 200. Naira 75 cif.

MA'AJI: Alhamdulillahi, babu kwabo! A rubuta.

IYA: Canjin ashirin da biyar fa? Murtala ɗaya da biyar ɗaya. Yaushe rabonka da ganin Tafawa Ɓalewa a hannun mutum?

MA'AJI: Gaskiya an kwana biyu. Ko almajiri ka ba shi sai ya dube ka.

HEDIMASTA: Malam don girman Allah a mai da ita ɗari kawai, kowa ya huta, ribar ma ta fi.

MALAM LISSAFI: Ranka ya daɗe da wace hujja? In mai duba makarantu ya zo daga ma'aikata ya ce nuna min yadda aka yi 75 ta zama 100, me zan ce masa? In ce Iya ce ta faɗa?

HEDIMASTA: Mai duba makarantun da aji ya shekara ba rufi bai gani ba, gullisuwa zai gani?

MALAM LISSAFI: Ni dai ba za a sa hannuna a kan lambar da ba ta fito daga aiki ba. A kore ni in an ga dama.

Ba wanda zai kore shi, shi kaɗai ne malamin lissafi daga aji ɗaya har shida, kuma yana bin makarantar albashin wata biyu. Hajiya ta buɗe jaka ta ce bari ta ɗan ɗibar wa direbanta da ke ta jira a rana. Hedimasta ya tuna da autarsa. Ma'aji ya ce shi a matsayinsa dole ya ajiye samfur a fayil.

MALAM LISSAFI: Saura 160. Naira 93 da kwabo 75.

IYA: In sun koma 150 fa?

MALAM LISSAFI: (ƙit ƙit) Naira ɗari daidai.

IYA: Ba kwabo?

MALAM LISSAFI: Ko ɗaya.

Iya ta miƙa hannu ta ƙirga goma a nutse ta ƙulle a bakin zani.

IYA: To ga hujjarka.

Malam ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya danna kalkuleta ya ɗaga ta sama kowa ya gani, fuskar nan tasa kamar wanda aka ba kujerar Makka.

MALAM LISSAFI: Kun gani ko? Da kun bi Iya da hamsin za a sayar a tafka asara. Ilimi ne ya kawo mu ɗari.

MA'AJI: To yanzu ribar nawa ke nan?

MALAM LISSAFI: Tana nan yadda take, dubu 3.

MA'AJI: Kafinta fa ya ce kwano bandir biyu, ban da katako da ƙusa da kuɗin aiki.

HEDIMASTA: Wannan mai sauƙi ne. Rubuta takarda zuwa ga iyaye, kowane yaro ya zo da dubu biyu ran Litinin, gudummawar rufi. Wanda bai kawo ba Baba ya tsayar da shi a get.

HAJIYA: To kasuwar alawar fa?

HEDIMASTA: Za a yi mana, ai mun riga mun buga a allo. Ita ma kuɗin shiga ɗari biyu. Malam rufe robar nan a kai sito.

MALAM LISSAFI: Bari in yi ƙirgar ƙarshe saboda rekod. Ɗari da arba'in da bakwai, da takwas, da tara... Baba?

BABA MAIGADI: Mmm?

MALAM LISSAFI: Buɗe bakinka.

BABA MAIGADI: Goro ne.

MALAM LISSAFI: Ranka ya daɗe a zauna. Naira 100 da kwabo 67.