Wace makaranta ce za ta karɓi yaron da kowa ke turawa gaba?

Duk farkon shekarar karatu, iyayen yara masu buƙata ta musamman sukan sha wulaƙanci wajen neman gurbi, kuma babu wata hukuma da ta ɗauki abin a matsayin damuwarta. Uba ya kai ɗansa mai galahanga firamaren unguwa, hedimasta ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, ba mu da malamin irin waɗannan yara, ka kai shi makarantarsu." Ya je makarantar tasu, a ce kurame da makafi kaɗai ake ɗauka. Ya nufi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a ce ya rubuto takarda, takardar kuma ta kwanta a durowa har zango ya ƙare, yaron yana zaune a gida.

Abin takaicin shi ne doka ba ta yi shiru ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, su tanadi ƙwararren malami da rubutun makafi da maganar hannu. Wa'adin shekara biyar da aka bayar don gyara gine-gine ya cika a 2024, amma har yau yarinyar da shan inna ya kama sai an ɗauke ta cak da kekenta kafin ta shiga aji, ba a ma maganar bayan gida.

Makarantu irin su ta kurame da makafi da ke Tudun Maliki a Kano, ko ta makafi da ke Gindiri a Jihar Filato tun 1953, an san su da aikin da aka kafa su dominsa, kuma ba za su iya ɗauke nauyin jihohi guda ba. To ina yaron da yake ji yake gani, amma fahimtarsa ke tafiya a hankali, zai dosa? Masu kuɗi sun kai nasu makarantun kuɗi, talaka kuwa an bar shi da "Allah ya ba shi lafiya", kamar asibiti ya zo nema. Jami'ar Bayero da ta Jos da kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo suna yaye malaman wannan fanni duk shekara, don haka ban yarda da uzurin rashin malamai ba. Ɗaukarsu aiki ne ba a yi.

Muna so hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su wajabta wa duk hedimastan da ya ƙi karɓar yaro ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, su kuma bayyana ofishin da uba zai kai ƙara, da ranar da za a ba shi amsa kafin rajista ta rufe.