Kokrodua ya zama sai labari a Sokoban

Malam, wannan rahoto naka kan ƙarewar itacen kokrodua ya taɓa ni. Ni kafinta ne a Aboabo, nan Kumasi. Lokacin da nake yaron shago a unguwar Anloga, kafin a mayar da masu katako kasuwar katako ta Sokoban, maigidana kan shafa katakon kokrodua ya ce gara ba ta cinsa, ruwa bai ruɓar da shi. Yau ka zagaye kasuwar kaf, da wuya ka samu na gaske, sai a miƙo maka wani a rantse shi ne.

Abin da ba ka faɗa ba: tsironsa ba ya rayuwa a inuwa, hasken rana yake so, ga jinkirin girma. An kwashe manyan zuwa Turai, ƙananan ba su taso ba. Tun 1992 aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 1998 Gana ta haramta tsaga katako da injin zarto na hannu don sayarwa, amma wa ya daina? Mu ma kafintoci muna da laifi, araha muke bi. Yanzu kuma 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun shiga dazukan da suka rage.