Harsashin da kafaɗarka ta ɗauka

Ƙanena ya kira ni daga Maradi jiya da dare, wai gardama ta kaure a fadarsu ta shayi a unguwar Zariya kan wane harsashi ya fi dacewa da babban nama. Ya ce, "Yaya, kai da kake farauta a Faransa, raba mana." Ga abin da na gani da idona.

A nan gabashin Faransa, naman da aka fi bi iri uku ne: wata ƙaramar barewa mai kilo 20 zuwa 30, aladen daji wanda ni ba ruwana da shi, sai wani babban nama mai ƙaho rassa-rassa da namijinsa kan kai kilo 200, kusan gwanki. Harsashin da tsofaffin mafarautan nan suka fi riƙewa shi ne 7x64, wanda Bajamushe Wilhelm Brenneke ya fitar a 1917. Lambar ba wani sirri ba ce: kaurin kan harsashin milimita 7, tsawon kwanson 64. Dalilin karɓuwarsa har da doka, don kafin 2013 an hana farauta da harsasan da ake ɗauka na soja ne, irin .308 Winchester da .30-06 na Amurka. Da aka sassauta, matasa suka koma musu.

Ni dai 7x64 ko .308 nake ba mutum shawara, da kai mai nauyin giram 10 zuwa 11. Suna kayar da nama mai kilo 200 in an sa su inda ya dace, kuma ba sa dukan kafaɗa har ka riƙa runtse ido kafin ka ja kunama. Wannan runtse idon shi ne duk matsalar. Shekarata ta biyu da samun takardar farauta na ari bindiga mai babban harsashi, .300 Magnum, ina ganin girma shi ne tabbas. Tun a filin gwaji kafaɗata ta tsorata da ita. Ranar da naman ya fito, bai fi mita 80 ba, na yi bisimilla na ja, hannuna ya zame, na same shi a ciki maimakon bayan ƙafar gaba inda huhu da zuciya suke. Sai da muka bi jini da kare har la'asar sakaliya. Muka tarar da shi kwance cikin ƙaya yana numfashi sama-sama. Na yanka shi, amma har yau abin yana ci mini rai.

A ranar Kawu na tuna, Allah ya jiƙansa, mahalbi ne a wajen Madarunfa. Adaka ce gare shi, ɗuri ɗaya: ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba dalma, ya danna tsumma da sandar ɗuri. Ba shi da harbi na biyu, don haka sai ya wuni yana rarrafe a dajin Baban Rafi, iska na bugun fuskarsa, har ya ji ƙarar taunar naman. Yakan ce mini, "Ɗana, gwanki sha bara ne, wanda bai matso ba bai san shi ba." Turawan nan sun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, amma kaɗan na gani masu haƙurinsa.

Ban ce babban harsashi ba shi da rana ba. Ɓauna sai .375 H&H, wanda aka yi a Landan a 1912, ko 9.3x62 mai kai giram 18 da rabi. To amma ina ɓauna a Maradi yau? Barewar da ta rage tana Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, kuma dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta tsare ta. Na faɗa wa ƙanena ya gaya wa 'yan fada, duk wanda Allah ya kai inda ake farauta da izini, ya fara harba harsashi ashirin a takarda daga mita 100, ya ga ko idonsa na buɗe.